Gidan Dokta Bob a Akron: ziyara zuwa inda mashaya suka fara jinyar juna

A birnin Akron na jihar Ohio, tafiyar kimanin awa 2 a mota daga Columbus inda nake aikin jinya, akwai wani gida mai lamba 855 a kan titin Ardmore wanda mai wucewa ba zai waiwaya ya sake dubansa ba, domin gidan katako ne mai bene ɗaya da baranda a gaba, irin na sauran maƙwabtansa. A cikinsa likitan tiyata Robert Holbrook Smith, wanda aka fi sani da Dokta Bob, ya zauna da matarsa Anne tun daga 1915 har ƙarshen rayuwarsu, kuma a cikinsa ne a 1935 aka dasa tushen ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna ba tare da bayyana sunayensu ba, wadda ake taƙaita sunanta da AA. Yanzu gidan ya zama gidan tarihi da masu aikin sa-kai ke kula da shi, kuma gwamnatin Amurka ta saka shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 2012. Na ziyarce shi a cikin watan Oktoba, na shafe kusan awa 3 a ciki, kuma ina ganin ya cancanci duk wani ɗan'uwa da hanya ta biyo da shi wannan yanki ya ratse ya gani.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Ina da ƙane a gida wanda maganin tari mai kodin ya cinye masa shekaru masu yawa na ƙuruciyarsa, kuma abin da muka yi masa a matsayinmu na dangi shi ne ɓoyewa da faɗa da kuka, sannan daga baya aka kai shi wani wuri da aka ce ana gyaran tarbiyya, ya dawo da tabon mari a ƙafa da zuciyar da ta ƙara bushewa. Tun daga lokacin nake son in san yadda wasu al'ummomi suka yi da nasu masu wannan larura, kuma duk inda na bincika sai labarin ya komo da ni wannan gida.

Daga bakin titi zuwa baranda matakala 12 ce, daidai da matakai 12 na daina sha da ƙungiyar ta shahara da su, kuma na ga mutanen da suka riga ni isa suna hawa a hankali suna ƙirgawa. Da na tura ƙofa, dattijon da ke tarbar baƙi ya miƙo mini hannu ya ce barka da zuwa gida, wadda ita ce gaisuwar da ake yi wa duk wanda ya shigo, ko mashayi ne ko ɗan kallo. Bai tambaye ni kuɗin shiga ba, domin ba a karɓa, sai dai wanda ya ga dama ya ba da gudummawa. Bai kuma tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya faɗa mini sunansa na farko kawai, ya ce shi ma mashayi ne da ya daina, sannan ya nuna mini kicin ya ce in zuba kofi idan ina so. Wannan tarba ita ce abu mafi daraja da gidan ke bayarwa, kuma na fahimci haka sosai bayan na ga yadda aka karɓi wani saurayi da ya shigo bayana hannunsa na rawa, aka ba shi kujera da kofi daidai yadda aka ba ni, babu wanda ya ƙura masa ido.

Labarin da masu zagayawa da baƙi ke bayarwa yana farawa ne daga watan Mayu na 1935. Wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya zo Akron kan wata harkar kamfani, harkar ta rushe, ya tsinci kansa shi kaɗai a zauren otal ɗin Mayflower, aljihu ya yi sauƙi, ga ɗakin shan giya a gefe ana ta raha. A lokacin watanninsa 5 da daina sha, tun bayan kwanciyarsa ta ƙarshe a asibitin Towns na New York a Disamban 1934. Ya ji cewa idan bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba to zai koma ruwa, don haka ya duba jerin sunayen limaman coci da ke manne a zauren, ya buga wa Rabaran Walter Tunks waya, daga nan aka yi ta haɗa shi da mutane har ya kai ga Henrietta Seiberling, surukar gidan da ya kafa kamfanin taya na Goodyear. Ita ce ta gayyaci Dokta Bob zuwa ɗan gidan da take zaune a bakin ƙofar katafaren gidan Stan Hywet ranar 12 ga Mayu. Likitan ya yarda ya je bisa sharaɗin ba zai wuce minti 15 ba, amma sai da suka shafe kusan awa 6 suna magana.

Abin da ya riƙe shi tsawon wannan lokaci shi ne jigon duk abin da gidan ke nunawa. Dokta Bob mutum ne mai ilimi da addini, ya karanta abin da likitoci suka rubuta kan shaye-shaye, ya sha wa'azi, ya sha addu'a, ya yi shekara 2 da rabi yana halartar zaman ƙungiyar Oxford, wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista da Frank Buchman ya kafa, duk bai daina ba. Bill kuwa ya yi watanni yana yi wa mashayan New York wa'azi bai ceto ko mutum ɗaya ba, har likitansa William Silkworth ya ba shi shawarar ya rage wa'azin ya fara da bayyana musu ciwon, wato yadda tunanin giya ke mamaye ƙwaƙwalwa da yadda jiki ke ƙara nema da zarar an kurɓa. Da ya zauna da Dokta Bob sai ya ba da labarin kansa, ya kuma nuna masa cewa shi ne mai buƙatar wannan hira don kada ya sha. Dokta Bob ya rubuta daga baya cewa wannan ne mutum na farko da ya taɓa yi masa maganar giya daga abin da shi kansa ya ɗanɗana. Mu Hausawa mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a kan shaye-shaye mun fi tura wanda bai taɓa kwana a ɗakin ba ya je ya yi nasiha.

Bayan wannan haɗuwa Bill ya tare a gidan titin Ardmore ya yi bazarar 1935 a nan, kuma ana nuna ɗakin bene inda ya kwana. Masu ba da labarin ba su ɓoye cewa likitan ya sake faɗawa ba: ya tafi taron ƙungiyar likitocin Amurka a Atlantic City, ya dawo a buge, ga tiyata tana jiransa bayan 'yan kwanaki. Bill da Anne suka yi jinyarsa da tumatir da kabeji mai tsami da ruwan zaƙin masara, wanda shi ne abin da suka ɗauka yana taimakawa a lokacin, kuma da safiyar tiyatar Bill ya ba shi kwalbar giya ɗaya don hannunsa ya daina rawa. Ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Da ya gama aikin bai dawo gida ba sai dare, domin ya bi mutanen da ya ci bashinsu da waɗanda ya ɓata wa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu gaskiyar halinsa yana neman gafara. Ƙungiyar na ɗaukar 10 ga Yunin 1935 a matsayin ranar kafuwarta, ko da yake masu bincike sun nuna cewa ranakun taron likitocin sun fi dacewa da mako guda bayan haka. Na yi wa dattijon wannan tambaya, ya amsa ba tare da wani ɗar ba cewa ya san da maganar, kuma hakan ya ƙara mini yarda da sauran abin da ya faɗa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ake nuna maɓoyar kwalabe. Dokta Bob ya yi shekara 17 yana rayuwa tsakanin giya da dare da ƙwayar kwantar da jijiya da safe don ya iya shiga asibiti, kuma a cikin waɗannan shekaru har da zamanin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, haramcin da bai hana shi komai ba domin likitoci na da izinin rubuta giya a matsayin magani. Yakan ɓoye kwalba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da wurin ajiye gawayi, da ramin da ake jefa kayan wanki daga bene, da saman ƙofofi. Na tsaya a gaban wannan rami na tuna ranar da mahaifiyarmu ta zazzage buhun gero ta tarar da kwalaben maganin tari a ƙasansa. Dabarar ɓoyon iri ɗaya ce, haka ma neman da mace ke yi a cikin gidanta kamar mai farauta, ko da yake tsakanin gidajen biyu akwai teku da shekaru 80.

Wannan ya kawo ni ga Anne Smith, wadda a ganina ita ce mai gidan ta haƙiƙa, kuma na ji daɗin yadda ba a bar ta a baya ba wajen ba da labari. Ita ce take tara mijinta da Bill kowace safiya a yi shiru na ɗan lokaci, a karanta wani sashe na Littafi Mai Tsarki, musamman wasiƙar Yaƙubu wadda ke cewa bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce. Ita ce ta buɗe ƙofarta ga mazan da iyalansu suka gaji da su, suna kwana a ɗakunan 'ya'yanta, tana dafa musu abinci a lokacin da gidan ke cikin bashi har ana barazanar ƙwace shi, kuma tarihin ƙungiyar ya rubuta cewa ɗaya daga cikin waɗannan baƙi ya taɓa bin ta da wuƙa a cikin gidan. Ita ce kuma ta fara zama da matan mashayan tana kwantar musu da hankali, shekaru kafin Lois, matar Bill, ta jagoranci kafa ƙungiyar Al-Anon ta iyalan mashaya a 1951. Bill da kansa ya kira ta uwar ƙungiyar. Kicin ɗinta ɗan ƙarami ne, mutum 4 sun cika shi, kuma idan mutum ya tsaya a ciki ya tuna cewa a ƙarshen 1939, bayan rukunin Akron ya rabu da ƙungiyar Oxford, mutum fiye da 70 sun riƙa taruwa a wannan gida kafin su koma makarantar King, sai ya gane irin nauyin da ta ɗauka.

A ɗakin cin abinci akwai tebur da keken rubutu, don tunawa da labaran mutanen Akron da aka tattara aka saka a littafin ƙungiyar da ya fito a Afrilun 1939, wanda daga sunansa ƙungiyar ta samo nata. Ba duk kayan ɗakunan ne na asali ba, domin gidan ya fita daga hannun iyalin bayan rasuwar likitan, sai a tsakiyar shekarun 1980 wasu masu kishin tarihin suka saye shi suka mayar da shi kamar yadda yake a da. Masu kula da shi suna bambance wa baƙo abin da yake na iyalin da wanda aka samo irinsa. Gidan da ke maƙwabtaka da shi nan ne ake sayar da littattafai da lambobin ƙarfe masu nuna tsawon lokacin da mutum ya yi bai sha ba. Al'adar ba da irin wannan alama ana danganta ta da Sista Ignatia, ma'aikaciyar asibitin St. Thomas na Akron, wadda a 1939 ta fara kwantar da mashaya a asibitin tare da Dokta Bob a lokacin da asibitoci ke ƙin karɓarsu, kuma takan ba wanda aka sallama wata 'yar lamba ta addini bisa alƙawarin zai dawo mata da ita kafin ya sake kurɓar giya. An ƙiyasta cewa likitan ya duba mashaya kusan 5,000 bai karɓi ko sisi ba.

Maganar kuɗi tana da alaƙa da bangon wannan gida kai tsaye. A farkon tafiyar, Bill ya yi mafarkin gina asibitoci da ɗaukar ma'aikata masu albashi, aka kai kuka wurin attajiri John D. Rockefeller ƙarami. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi tambaya ko kuɗi ba zai lalata wannan abu ba, shi ma attajirin ya tsaya a kan haka, ya ba da dala 5,000 kacal a 1938, aka ɗauki mafi yawanta aka biya bashin da ke kan gidan Dokta Bob, sauran aka riƙa ba mutanen biyu kaɗan-kaɗan. Sun ji zafin wannan a lokacin, amma daga baya ƙin karɓar kuɗin waje ya zama ɗaya daga cikin ƙa'idoji 12 da ƙungiyar ta amince da su a babban taronta na Cleveland a 1950, tare da ƙin shiga siyasa, da ƙin goyon bayan kowace ɗarika, da ɓoye cikakken suna a gaban 'yan jarida. Kalmar da ta fi dacewa da wannan ɓoyon suna a harshenmu ita ce rufin asiri, sai dai a wurinsu yana aiki ta fuska biyu: yana kare sabon shiga daga tozarci, yana kuma hana wanda ya daɗe ya mayar da kansa tauraro.

Ziyarar za ta fi yi wa mutum amfani idan ya zo da sanin abin da ya gabaci 1935, domin gida ne na iyali ɗaya, labarinsu yake bayarwa, kuma hakan daidai ne. Tun a 1799 wani shugaban ƙabilar Seneca, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, mai suna Handsome Lake, bayan giya ta kusa kashe shi, ya fara kiran mutanensa su bar ta su koma ga al'adunsu, kuma koyarwarsa tana nan da mabiya har yau. A 1840 wasu mashaya 6 a wani gidan giya na Baltimore suka kafa ƙungiyar da ake kira ta 'yan Washington, inda mutum ke tashi a gaban jama'a ya ba da labarin shansa da dainawarsa. Cikin 'yan shekaru dubban ɗaruruwa suka sa hannu a alƙawarinta, har Abraham Lincoln ya yi wa reshenta na Springfield jawabi a 1842 yana yabon yadda suke lallashi maimakon tsinuwa. Kafin shekara 10 ta watse, saboda rigingimun siyasar haramta giya da saɓani da malaman coci da kuma faɗuwar wasu mashahuran masu jawabinta a idon duniya. Bayan su aka yi zamanin 'yan kasuwa, wanda ya fi shahara a ciki shi ne Leslie Keeley na garin Dwight a jihar Illinois, wanda daga 1879 ya riƙa yi wa mashaya allurar da ya ce akwai zinariya a ciki, ya buɗe rassa fiye da 100 ya tara dukiya. Wanda ya san waɗannan labarai zai gane cewa ƙa'idojin AA darasi ne da aka ɗauko daga gawar waɗanda suka riga ta, kuma Bill da kansa ya yi rubutu a kan rushewar 'yan Washington a 1945 yana gargaɗin mutanensa.

Haka kuma ya kamata baƙo ya san cewa ƙofar ba ta buɗe wa kowa a rana ɗaya ba. Mutanen farko kusan dukansu maza ne farare Kiristoci masu sana'a, shi kansa Dokta Bob ya yi ɗari-ɗari da shigar mata da farko, kuma sai a 1945 aka fara samun rukunonin baƙaƙen fata a birane irin su Washington da Chicago. Marty Mann, ɗaya daga cikin matan farko da suka daɗe a ƙungiyar, ita ce ta kafa kwamitin wayar da kan jama'a a 1944 wanda ya yaɗa ra'ayin cewa shaye-shaye ciwo ne da ake jinya. Ƙungiyar ta bunƙasa bayan wani dogon rahoto da ɗan jarida Jack Alexander ya buga a Maris na 1941, inda mambobi suka tashi daga kimanin 2,000 zuwa 8,000 kafin ƙarshen shekarar, kuma yau ana ƙiyasta su da kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180. Daga jikinta aka samu ta masu shan ƙwaya, wato Narcotics Anonymous, a California a 1953, da ta 'yan caca, da wasu da dama.

Tambayar da na san mai karatu Musulmi zai yi ita ce ta addini, kuma ni ma da ita na shiga. Asalin abin na Kirista ne, gidan bai ɓoye wannan ba, littattafan likitan da ke kan kanta sun isa shaida. Amma tun wajen rubuta matakan aka yi gardama tsakanin masu addini da marasa shi, aka tsaya a kan cewa kowa ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji gwargwadon yadda ya san Shi. Idan aka duba abin da matakan ke nema, wato mutum ya amsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya zalunta ya mayar musu da haƙƙinsu, ya kuma taimaki wani, za a ga sun yi kusa da sharuɗɗan tuba da muka koya tun muna yara. Inda ake samun saɓani shi ne wajen bayyana laifi ga wani mutum, da kuma ci gaba da kiran kai mashayi bayan shekaru da dainawa, abin da wasu ke ganin ya saɓa wa suturar da Allah Ya yi wa bawa. Musulmin Amurka sun fuskanci wannan, har wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar Millati Islami a Baltimore a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Ta ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ba sa son ambaton addini sam, suka kafa nasu kamar SMART Recovery a 1994, kuma tun daga 1996 kotunan Amurka sun sha yanke hukuncin cewa ba a tilasta wa fursuna ko mai laifi halartar zaman AA ba tare da ba shi wani zaɓi ba.

A matsayina na ma'aikacin jinya dole in faɗi iyakar abin. Wani babban nazari da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ya nuna cewa shirye-shiryen da ke kai mashayi ga AA cikin tsari suna kai wa sauran hanyoyin jinya, har suna fin su wajen daina sha gaba ɗaya na tsawon lokaci. Wannan a kan giya ne. A kan ƙwayoyi dangin kodin da hodar heroin, magungunan asibiti irin su methadone da buprenorphine suna rage mace-mace, kuma duk rukunin da ya hana mutum shan su da sunan tsarki yana jefa shi cikin haɗari. Akron kanta ta ga wannan bala'i a 2016, lokacin da wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi da ake kira carfentanil ta shigo garin ta hallaka mutane da yawa. Wanda ya daɗe yana shan giya kuma, yankewa farat ɗaya ba tare da likita ba na iya jawo masa farfaɗiya har mutuwa. Dokta Bob ya san haka, shi ya sa yake fara kwantar da mutum a asibiti kwanaki kafin 'yan'uwansa mashaya su fara zuwa bakin gadonsa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi labarinsu, kamar yadda shi da Bill suka yi wa wani lauya a asibitin birnin a Yunin 1935, wanda ya zama mutum na 3 a ƙungiyar. Dattijon da ya zagaya da ni ya jaddada wannan da kansa kafin in tambaya, na kuma yaba masa a kan haka.

Ga mai niyyar zuwa, gidan ƙarami ne kuma matakalar bene tana da tsayi, saboda haka tsoho ko mai ciwon gwiwa ya shirya wa wannan, kuma ya kyautu a duba lokutan buɗewa kafin a kama hanya. Duk abin da ake faɗa da Turanci ne. A nemi izini kafin a ɗauki hoton da fuskar wani za ta fito, domin da yawa daga cikin baƙin mambobi ne da ke riƙe da ƙa'idar ɓoye suna. Wanda ke son natsuwa ya guji ƙarshen makon da ya fi kusa da 10 ga Yuni, lokacin da dubban mutane ke cika garin don bikin ranar kafuwa, wanda kuwa ke son ganin girman abin to wannan ne lokacinsa. Awa 1 ta isa a zagaya ɗakunan, amma ribar tana cikin zaman kicin, inda na ji wata mata da ta zo daga wata jiha mai nisa tana faɗa wa saurayin nan mai rawar hannu yadda makonta na farko ya kasance, shi kuma yana sauraro kamar wanda aka ba ruwa bayan doguwar tafiya.

Daga gidan na wuce maƙabartar Mount Peace, tafiyar 'yan mintuna, inda aka binne Anne a 1949 da mijinta a Nuwamban 1950. Abokansa sun so su gina masa babban abin tunawa tun yana da rai, ya ƙi, ya ce a binne su kamar sauran mutane, don haka dutsen kabarin sunan iyalin Smith yake ɗauke da shi. A kansa na tarar da lambobin ƙarfe da masu ziyara suka ajiye, wasu na shekaru masu yawa, wasu na wata 1, akwai kuma ta kwana 1. Na sayi irin ta kwana 1 ɗin a shagon gidan kafin in fito, tana cikin jakata, kuma zan ba wani da zai tafi gida a watan gobe ya kai wa ƙanena tare da wasiƙar da na rubuta masa a daren da na dawo.